Murya ta Uku a Glenwood

Na iso garin Greensboro na Amurka a farkon shekarun dubu biyu, da 'yata goye a baya da akwati biyu. Ɗaya na tufafi ne, ɗayan kuwa kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da mahaifiyata ta ƙulle min a leda. Maigidana ya riga ni zuwa da daɗewa. A wani sito yake aiki can bakin gari, ya fita da sassafe, sai la'asar sakaliya ya dawo a gajiye. Gidan da ya kama mana haya a unguwar Glenwood ƙarami ne na katako, duk inda ka taka sai ya yi ƙara. Yawancin maƙwabtanmu ɗalibai ne da ke wucewa a kan kekuna, jaka a goye, kunne toshe da waya.

Na yi Turanci a makaranta a Kano, har ina ganin na iya. Da na zo sai na tarar ba irinsa ake yi a nan ba. In na yi magana a kanti a ce in maimaita. In aka ba ni amsa in gyaɗa kai, in fito ban san abin da aka ce ba. Ga shi lokaci ne da mace mai lulluɓi irina take taka-tsantsan a kan titi, domin ba kowane kallo ne na alheri ba. Sai na zama 'yar ɗaka ƙarfi da yaji. In yi shara, in yi girki, in zauna ina kallon yarinya tana rarrafe. Akwai ranakun da daga fitar maigida zuwa dawowarsa ba na buɗe baki da wani babba.

Gidan da ke hannun damanmu na wata dattijuwa ce baƙar fata, doguwa siririya, gashinta fari fat. Ita kaɗai take zaune. Daga baya na ji cewa a masaƙa ta yi aiki har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya kuma yana wata jiha. Iyakar abin da ke tsakaninmu ɗaga hannu. Sai dai duk ranar Asabar da hantsi takan buɗe tagoginta gaba ɗaya ta kama goge-goge, ta kuma sa faifai a garmaho.

Wata Asabar, sanyi ya fara sauƙi, ina shanya a bayan gida sai wata waƙa ta fito daga tagarta. Na tsaya cak da zanen yarinya a hannuna. Na san waƙar nan.

Abin da ya sa na san ta shi ne, lokacin da muke makarantar kwana ta 'yan mata, wata 'yar ɗakinmu ta zo da kaset da yayanta ya kawo daga Legas. A jikin kwalin akwai hoton mata baƙaƙe 'yan Amurka, sun yi shiga iri ɗaya, sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Irin waƙoƙin nan ne masu taushi da suke kira R&B. Kaset ɗin nan ya ga rayuwa a hannunmu. Da biro muke mayar da shi baya don kada batir ya ƙare, in batir ɗin ya yi sanyi mu shanya shi a rana. Mu uku ne muka fi nacewa. Ranar Lahadi bayan wanki mu ɗaure ɗankwali iri ɗaya, mu riƙe mataji a matsayin makirufo, sauran 'yan ɗaki su zauna a kan gadaje suna tafi. Ba mu san rabin abin da ake faɗa ba. Inda muka kasa ji sai mu cusa abin da ya yi kama da shi, wani wurin ma da Hausa. Ni muryata mai kauri ce, har ana tsokanata wai muryar ƙato gare ni, don haka ba a taɓa ba ni gaba ba. Ni ce mai bin ƙasa, wadda ke riƙe waƙa daga can ƙarƙashi.

Wadda ke fitowa daga tagar dattijuwar ita ce dai waƙar, amma tsohuwarta. Ashe 'yan matan kaset ɗinmu ma gadonta suka yi daga wasu da suka riga su. Ban san lokacin da bakina ya kama ba. Ina shanya ina bin ƙasa, kamar yadda na saba.

Sai kiɗa ya tsaya. Kan dattijuwar ya leƙo ta taga.

"Ke!" ta ce da Turanci. "Wa ya koya miki wannan?"

Na ɗauka na dame ta. "Ki yi haƙuri, Mama," na ce.

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Tsaya nan, kada ki motsa."

Ta fito da silifas da tsumman goge-goge a hannu, ta zo har bakin shingen da ya raba mu. Ta yi magana a hankali yadda zan gane. "Duk wanda ya ji waƙar nan sama yake bi, inda mai ba da waƙa take. Ke kuwa ƙasa kika bi. Sake yi in ji."

Kunya ta kama ni, amma na yi. Ta lumshe ido, ta ɗora tata muryar a saman tawa kaɗan. Ba mu yi nisa ba ta fashe da dariya, har tana dafa shinge.

"Me kika ce a nan wurin?"

Na maimaita abin da muke faɗa tun a makaranta. Ta yi dariya har da hawaye. Wai ita mai waƙar roƙon saurayinta take kada ya tafi, ni kuwa abin da nake faɗa ya fi kama da wadda ke neman a miƙo mata man shanu.

"Ɗauko yarinyar ki shigo," ta ce. "Ba zan bar ki ki ci gaba da ɓata waƙar mutane ba."

Ranar na fara shiga gidan Ba'amurke. Falonta ƙarami ne, yana ƙanshin man goge katako da kirfa. Bango guda duk kanta ce cike da faya-fayai. Ta rinƙa zaro su tana nuna min kwalayen: mata uku-uku, wasu huɗu-huɗu, riguna iri ɗaya, gashi an tara shi sama kamar acuci, safar hannu har gwiwar hannu. Na ce mata a wurinmu wannan sunansa anko, shi ƙawaye ke yi ranar biki. Ta maimaita kalmar, ta ce ta yi mata daɗi a baki.

A saman garmahon akwai wani hoto mara launi na 'yan mata uku a gaban makirufo ɗaya. Ban sha wahalar gane doguwar ba.

"Ni ce," ta ce. "Wannan gajerar ta tsakiya ita ke ba da waƙa. Wannan kuma ƙanwata ce. Ita ke bin ƙasa."

Mama, kamar yadda na koma kiranta, ta ba ni labarinsu a ranar da kuma Asabar ɗin da suka biyo baya, domin daga nan zuwa gidanta ya zame min ƙa'ida. A coci suka fara waƙa suna yara. Da suka zama 'yan mata, a shekarun sittin, lokacin da ƙungiyoyin mata ke tashe a rediyo, sai suka kafa tasu. Sun yi wasa a bukukuwan makarantu da ɗakunan rawa na garuruwan da ke kewaye. Mahaifiyar su Mama ce ke ɗinka musu riguna. Sun yi faifai guda ɗaya tal, aka ɗan sa shi a rediyon gari na wani lokaci. Ana cikin maganar za su tafi arewa neman sa'a sai mai ba da waƙar ta yi aure, ta ce ta bar waƙa. Ƙungiya ta watse. Mama ta shiga masaƙa, ƙanwarta ta zama malamar asibiti.

"Ina ƙanwar taki yanzu?" na tambaye ta.

"Ta rasu, 'yan shekaru kafin ku zo."

"Ita ɗayar fa?"

Ta taɓe baki. "Tana nan da ranta. Ranar jana'izar ƙanwata ta tashi a coci ta yi waƙa ita kaɗai, ko shawara da ni ba ta yi ba. Kamar dai kullum, ita ce a gaba. Tun ranar ban sake yi mata magana ba."

A falon nan kunnena ya buɗe. Mama takan sa waƙa, ta ɗaga allurar garmaho, ta ce in faɗi abin da na ji. In na yi kuskure ta gyara, ta bayyana min ma'ana, wani lokaci ta ƙara da labarin yadda ake soyayya a zamaninsu. Sannu a hankali na fara gane maganar mai kanti da ta direban bas. Ita ce ma ta fara sa ni a bas. Ta ce mace ba ta zama a ɗaka kamar tukunyar fure. Muka je tasha a tsakiyar gari, ta nuna min yadda ake canza mota, muka taka a Elm Street tana saƙale da hannuna, 'yata a keken turawa. Wani mutum ya bi lulluɓina da kallo, ita kuma ta tsaya ta ƙura masa ido har sai da ya kau da kai. Ta nuna min wani gini ta ce lokacin da take budurwa, baƙar fata bai isa ya zauna ya ci abinci a ciki ba. Muka wuce muka sayi askirim.

Ni ma na koya mata nawa. Na nuna mata tafin gaɗa, yadda 'yan mata ke yin da'ira a dandali, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, ta faɗa baya su tare ta su cilla. Ta ce, "To ai abin da muke yi ke nan, sai dai mu da takalmi mai tsini."

Da farko maigidana bai so abin ba. "Waƙa kuma? Da aurenki da 'yarki?" Amma shi da kansa ya ga bambanci. Ya dawo ya tarar da ni ina dariya, ina ba shi labarin abin da na gano a gari. Wata rana Mama ta aiko masa da kek na dankalin Hausa, ya ci, sannan ya ce, "Tsohuwar nan tana da kirki. In dai tsakaninku mata ne, ba ni da ta cewa."

Mun fi shekara a haka. Wata rana da yamma ina gidan Mama, wata babbar mota ta tsaya a ƙofa. Wata mata ta shigo cikin shigar ofis, ta rungume Mama tana kiranta Anti. 'Yar mai ba da waƙar ce, lauya ce, a unguwar Irving Park take zaune, kuma mahaifiyarta na wurinta. Na tashi zan ba su wuri, Mama ta ce in zauna.

Matar ta ce mahaifiyarta za ta cika shekara sittin, za su yi mata ɗan taro na mata da rana a gida. An tambaye ta abin da take so, ta ce ba ta son komai sai ta sake rera waƙar faifansu tare da Mama.

"Ita ta aiko ki?" in ji Mama.

"Kin san ta, Anti. Ba za ta ce ta aiko ni ba. Amma ita ta nuna min hanyar gidan nan."

Mama ta girgiza kai. "Ko na yarda ma, ba zai yiwu ba. Waƙar ta mutum uku ce. Biyu ba ƙungiya ba ce."

Ni kuma don in nuna na fahimci zancen sai na sa baki. Na ce gaskiya ne, a wurinmu ma tukunya ba ta zama a kan dutse biyu, sai uku.

Duk suka juyo suka dube ni. Mama ta ɗaga gira. "Ji wadda ke magana," ta ce. "To ga dutsen na uku nan zaune a kujerata."

Na rantse, na roƙa, na ce ni ban taɓa waƙa a gaban baƙi ba, Turancina ma bai nuna ba. Mama ta ce ita ma ba ta yi niyya ba, amma tunda bakina ya jawo, sai mu sha tare. Da na gaya wa maigidana, tambaya ɗaya ya yi: akwai maza? Na ce babu. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Kada dai ki ba mu kunya."

Asabar ta gaba aka kawo mai ba da waƙar don gwaji. Gajera ce mai jiki, da sanda da babban tabarau. Ta tsaya a bakin ƙofa, Mama ta tsaya a tsakiyar falo.

"Kin rame," in ji baƙuwar.

"Ke kuma kin cinye rabona," in ji Mama. "Shigo, kina sako min ƙudaje."

Ta zauna ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan ce? Daga ina?"

"Daga Najeriya, Mama," na ce, na ɗan rusuna.

"Tana da ladabi dai. Bari mu ji ko tana da murya."

Gwajin farko bai yi kyau ba ko kaɗan. Na yi ta rasa inda zan shigo. Ga kuma taku da juya hannu da suke yi tare, su yi dama ni in yi hagu. Su biyun kuwa ba su daina musu ba. Wannan ta ce a nan ake jan numfashi, waccan ta ce ba a taɓa ja a nan ba, ki tambayi kowa. Can mai ba da waƙar ta ajiye hannu ta ce, "Muryarta ba irin ta ƙanwarki ba ce."

Na ji kamar in nutse.

"Ba wanda ya ce ta zama ƙanwata," in ji Mama. "Cewa aka yi ta riƙe ƙasa. Kuma tana riƙewa. Ke ki ji da naki."

A gwaji na gaba ne abin ya faru. Mun zo wurin amshi, mai ba da waƙa ta hau sama, Mama ta shiga tsakiya, ni na zauna a ƙasa, sai muryoyin suka sarƙe suka zama abu guda. Ban taɓa jin irin haka ba, ko a makaranta. A ƙirjina na ji shi, kamar ana kaɗa ƙwarya a cikina, tsigar jikina ta tashi. Ba mu kai ƙarshen baitin ba Mama ta yi shiru, ta juya ta shige kicin. Muka ji ta buɗe famfo.

Mai ba da waƙar ta ɗan jima a zaune, sannan ta dogara sandarta ta bi ta. Na zauna ina wasa da 'yata, ina jin maganarsu ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙarar ruwa. Abu ɗaya kawai na tsinta, inda baƙuwar ke cewa, "Na ga ba za ki iya tashi ba ranar jana'izar, shi ya sa na tashi." Da suka fito idanunsu sun yi ja. Ba wadda ta yi min bayani, ni ma ban tambaya ba.

"Daga farko," in ji mai ba da waƙar. "Ke kuma 'yar Najeriya, ƙafar hagu ake farawa da ita."

Sai maganar sutura ta taso. Mama ta zaro tsohuwar rigarsu daga akwati, mai walƙiya, babu hannu, iyakarta gwiwa. Su biyun ba wadda za ta shige ta yanzu, ni kuwa ko ta shige ni ba zan sa ba. Na ce su bar min wannan. Akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke ɗinki a gidanta, ita ce uwar matan Hausawa a garin, duk suna ko biki da ita ake shawara. Na je na faɗa mata ina jin nauyi.

"Waƙar soyayya ta Turawa?" ta ce, ta sauke tabarau. "Ke da nake yi wa kallon saliha?"

"Hajiya, tsofaffi ne. Kuma ba Turawa ba ne, baƙaƙe ne irinmu. Ki zo ki gani da idonki."

Ta zo da tef ɗin awo a wuya, fuska a ɗaure. Aka yi mata waƙar tana zaune. Da muka gama ta ce, "Bon, to. Ai wannan zabiya ce da 'yan amshinta. Me ya sa ba ki ce min haka ba tun farko?" Ta tashi ta auna su. Ta zaɓo shadda shuɗiya mai sheƙi, ta ɗinka mana dogayen riguna masu faɗin hannu da aiki a wuya, kowacce da ɗankwalinta. Ta ce na tsofaffin kado ne, wato kyauta, daga gare ta.

Ranar taron da azahar lauyar ta aiko mota ta ɗauke mu, har da Hajiya da 'yata. Ban taɓa shiga Irving Park ba sai ranar. Manyan gidaje, manyan bishiyoyi, titi shiru ba kowa a ƙasa. A wani ɗaki na sama na yi sallah, sannan Hajiya ta ɗaura wa tsofaffin ɗankwali. Mai ba da waƙar ta ce nata ya fi tsayi tunda ita ce a gaba. Mama ta ce a bar ta, gajere dole ya nemi ƙari. Suka tsaya gaban madubi suna juyawa kamar amare.

Falon ƙasa cike yake da mata, yawancinsu tsofaffi, da huluna masu faɗi irin na zuwa coci. Wata daga cikinsu ta zauna a gaban fiyano. Da muka sauko cikin shuɗiyar shaddarmu sai wurin ya kaure da sowa tun ba mu buɗe baki ba. Na ja na tsaya. Mama ta matso ta raɗa min, "Kada ki dubi kowa. Ki saurare ni kawai."

Muka fara. Baitin farko ya tafi lafiya, amshi ya zauna daram. Da aka zo baiti na biyu sai mai ba da waƙar ta buɗe baki, kalmomin suka ɓace mata. Fiyano na tafiya, ita tana tsaye da hannu a sama. Ni da Mama muka ci gaba da riƙe namu, muna maimaita amshi, muna ba ta lokaci. Sai wata tsohuwa daga kujerun baya ta ɗauko baitin. Wata ta kama mata. Kafin ka ce kwabo rabin falon na rerawa. Ashe matan nan 'yan matan wancan lokacin ne, da su aka yi rawar waƙar a ɗakunan rawa, ba su manta ba. Mai ba da waƙar ta yi dariya, ta share ido da bakin hannun riga, ta karɓi abarta daga bakinsu ta kai ta ƙarshe da wata irin murya da ban san tana da sauranta ba.

Muna rufe baki, kafin a fara tafi, Hajiya ta rangaɗa guɗa daga bayan falo. Wata tsohuwa ta zabura har shayinta ya zube, mai fiyano ta dafe ƙirji. Da aka gane murna ce sai dariya ta ɓarke. Aka kewaye Hajiya wai sai ta koya musu. Na ga matan coci da manyan huluna sun kama hanci suna gwadawa, ita kuma tana gyara musu da Hausa da Faransanci, ba mai jin wani, kowa na dariya.

Bayan wannan rana tsofaffin biyu suka koma kamar da. Kullum suna kan waya suna musu. Wata Asabar a kawo mai ba da waƙar, mu yi waƙa kaɗan, hira da yawa. Ba mu sake yi a gaban jama'a ba, ba wanda ma ya nema. Ni kuma na koyi mota, na sami aiki a gidan renon yara, na yi ƙawaye. A shekarun nan ne na lura irin ƙungiyoyin nan na mata sun yi ƙaranci a rediyo. Kowace mawaƙiya ita kaɗai take fitowa, in ma akwai amshi, muryarta ce aka ninka da na'ura. Waƙoƙin suna da daɗi, ban ce ba su da shi ba. Amma ni har yau kunnena yana neman mutum uku da suka san numfashin juna, ɗaya ta yi gaba, biyu su tsare mata baya. In na ci karo da tashar da ke sa tsofaffin waƙoƙi ina tuƙi, 'yata takan ce da Turanci, "Mama, wannan ai waƙar kakanni ce." In ce mata e, ta su ce, ki yi shiru ki ji.

Bayan wasu shekaru, gwiwoyin Mama suka gaza, hawa matakalar ƙofarta ma ya zama aiki. Ɗanta ya zo ya tafi da ita jiharsu, da faya-fayanta da garmahonta. Ɗalibai suka kama gidan. Muna waya lokaci-lokaci, tana tambayar 'yata da maigida da Hajiya. A cikin hunturun da ya biyo baya ta rasu. Labarin ya same ni ina cikin jego, ban daɗe da haihuwar ɗana ba, don haka ban sami zuwa jana'iza ba. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai ba da waƙar ce, 'yarta na riƙe da ita. Daga jana'izar suka dawo. Ta ce ta zo ta yi min barka, ta kuma yi min gaisuwa, domin a ganinta ni ma mai karɓar gaisuwa ce. Ta zauna a kujera, na miƙa mata jariri. Hajiya ta aiko min da masa da miyar taushe a ranar, na zuba mata. Ta ce yaji ya yi yawa, ta kuma cinye tas.

Ba mu yi waƙa ba. Labari ta ba ni, na wata tafiya da suka yi su uku suna 'yan mata zuwa wani gari, motarsu ta mutu a hanya, wani manomi ya ɗauke su a bayan motar kaji. Suka isa wurin wasa da gashin kaza a kansu, suka hau dandamali a haka, Mama na ta atishawa a tsakiyar waƙa. Tana ba da labarin tana dariya, jaririn na barci a cinyarta, 'yarta na duba agogo don tana da shari'a a kotu. Ta ce mata ta je abinta ta dawo, ita ba yanzu za ta tashi ba.

Ta wuni a gidana ranar. Da maigidana ya dawo ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya. Dab da magariba 'yarta ta zo ɗaukarta. Na raka su har mota, na tsaya a bakin titi ina gode wa Allah da ya sa, cikin duk gidajen hayar da ke garin nan, wannan maigidana ya kama.